Cinikin Mota Daga Nesa da Mutumin da Ba Ka Sani Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Badun.



An umurce ni in yi magana a kan cinikin mota daga nesa, watau saye ko sayarwa ko musaya da mutumin da ba ka taɓa gani ba, yana wani gari kana wani. To, dalilin da ya sa shugabanni suka zaɓi wannan batu a fili yake. Mu mazauna Kurmi kullum 'yan uwa na Arewa suna bugo mana waya, wannan ya ce a duba masa bas a Ikko, wancan ya ce ya ga wata Toyota a Facebook, a taimaka a tura masa ita Kano ko Sakkwato. Mu ma muna sayar da namu ga mutanen Anaca da Fatakwal da Abuja. Kuɗin kuwa ba ƙanana ba ne, wani gumin shekara 10 ne ya tara, wani gonar gado ya sayar. In ciniki ya ɓaci, dukiya ce ke tafiya, wani lokaci mutum ya kwana a caji ofis a kan motar da ya saya da halaliyarsa, wani lokacin ma rai ne ake rasawa. Sa'an nan kuma zumunci ya lalace tsakanin wanda ya yi aike da wanda aka aika.

Kafin in shiga bayani, bari mu tuna yadda iyayenmu suka yi. An kafa wannan unguwa ta Sabo a 1916, kuma shanu da goro ne suka raya ta. Mai shanu zai taso daga Arewa bai san mahauci ko ɗaya a Badun ba, amma ya ba da shanunsa bashi ya kwanta ya yi barci. Me ya sa? Domin ya sauka a gidan mai gida. Mai gida shi ya san dillali, dillali ya san mahauci, ya san rumfarsa da gidansa da wanda ya tsaya masa. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ake riƙewa. Har wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a nan Sabo a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan wannan tsari, ya fito a 1969. Kun ga ashe ciniki da baƙo ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abin da waya ta kawo shi ne ta fid da mai gida daga tsakani, ta bar mutum biyu da hoto da lambar asusun banki. Duk abin da zan faɗa yau, ƙoƙari ne na mayar da mai gida wurinsa.

Waɗanda suka yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid za su tuna cewa a babin ciniki an halatta sayen abin da ba ya nan a bisa siffantawa, amma an hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓe shi, sai in wurin yana kusa, ko kuwa abin ba mai saurin canzawa ba ne kamar gida ko fili. Mota fa tana canzawa a dare ɗaya, ana iya sauke mata inji kafin asuba. Saboda haka hukuncin malamai da hankalin kasuwa sun haɗu a wuri guda, Bahaushe kuma ya riga ya taƙaita da ya ce ba a cinikin biri a sama.

Abu na farko, ka san mutumin. Ka nemi cikakken sunansa da hoton katinsa na ɗan ƙasa ko lasin tuƙi. Ka kira shi kiran bidiyo ka ga fuskarsa, ka ce ya tsaya a jikin motar, ya buɗe ƙofa, ya tayar da inji, ya nuna maka lambar shasi kana kallo. Wanda ya kwafo hoton motar wani daga intanet ba zai iya wannan ba, nan take za ka fara jin uzuri, yau babu sabis, gobe yana asibiti. Idan ya ce shi dila ne, ina filinsa? Wace ƙungiyar masu sayar da motoci yake ciki? Garuruwa da yawa a ƙasar nan suna da zangon Hausawa da sarkinsu, daga Agege da Idi-Araba da Shagamu har Anaca. Ka nemi wani amintacce a can ya taka da ƙafarsa ya ga filin, ya tambayi maƙwabta. Kada kuma ka saki jiki don kawai mutum ya yi maka sallama da Hausa mai daɗi, yana ta rantsuwa. Damfara ba ta da ƙabila. Akwai 'yan kasuwa na kirki cikin Yarbawa da Ibo da muka shekara muna hulɗa da su ba a ci mana ko kwabo ba, akwai kuma namu da suka gudu da kuɗin 'yan uwansu.

Akwai wata dabara da ta yi yawa, ina so kowa ya saurara da kyau. Ɗan damfara zai ga tallar mota ta gaskiya, a ce mai ita yana neman miliyan 9. Sai ya kwashi hotunan ya sa a nasa shafin a kan miliyan 6. Kai ka gani ka kira shi. Sai ya kira mai motar ya ce, ƙanena zai zo ya duba, amma kada ka yi maganar kuɗi da shi, ni zan biya. Kai kuma ya ce maka, yarona ne ke riƙe da motar, ka je ka duba, amma kada ka yi maganar farashi da shi don kada ya san ribata. Ka je, ga mota tsaf, ga takardu cif. Ka tura kuɗi asusun da wancan ya ba ka. Ka ce a ba ka makulli, mai mota ya ce shi bai ga kuɗi ba. Ku kira mutumin, waya a kashe. Ku biyu ku kama kokawa, alhali duk an yi wasa da hankalinku ne. Maganin wannan guda ɗaya ne. Duk wanda ka tarar da mota a hannunsa, ka tambaye shi kai tsaye, motar wane ne, nawa ake sayarwa, a wane asusu za a biya? Duk cinikin da aka ce kada ka yi magana da wane, to akwai lauje cikin naɗi.

Haka nan masu cewa su jami'an Kwastan ne suna gwanjon motocin da aka kama, a turo kuɗin fom ko kuɗin fito. Hukumar Kwastan ta fara gwanjonta ta intanet a shafinta na hukuma tun 2017, kuma ta sha yin gargaɗi cewa ba ta sayar da mota ta Facebook ko WhatsApp. Hoton mutum da kaki ba hujja ba ne. In ka ga mota a rabin kuɗinta, ka tuna araha ba ta ado, kwaɗayi kuma mabuɗin wahala ne.

Abu na biyu, ka san motar. Gani ya kori ji. Ko ka je da kanka, ko ka wakilta wanda ka amince da shi, kuma ya tafi da makanike naku. Kada a yarda da makaniken da mai sayarwa ya kawo, domin an san wanda zai biya shi. A je da safe tun inji na da sanyi, saboda injin da ya gaji a tashin farko yake fallasa kansa da hayaƙi da ƙara. A duba baƙin mai, in ya yi fari-fari kamar madara ruwa na shiga. A duba lagireto. A hau titi a ga yadda giya ke shiga, a taka birki. A jona mata kwamfutar duba mota. A ɗaga ta a kalli ƙarƙashinta, a ga ko an yi walda a shasi. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa da busasshen laka. Dalili kuwa, da yawa daga cikin tokumbo da ke shigowa daga Amurka daga wuraren gwanjon motocin haɗari ake sayo su, wasu kuma ambaliya ce ta shanye su, kamar yadda guguwar Harvey ta yi wa dubban motoci a jihar Texas a 2017. Motar da ta sha ruwa za ta yi kyau a ido, bayan wata uku wayoyinta su fara hauka, ba mai waya da zai gane kanta.

Yanzu ga wani ilimi da nake so samarinmu su rubuta. Kowace mota da aka ƙera daga 1981 zuwa yau don kasuwar Amurka tana da lambar shasi mai harafi da lamba guda 17. Ba a sa harafin I ko O ko Q a cikinta, in ka gan su to an taɓa ta. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofar direba, dole kuma su zama iri ɗaya da abin da ke takarda, harafi bayan harafi. Na farkonta yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan ke nan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, K Koriya. Na goma kuma yana nuna shekarar samfurin: 8 shi ne 2008, 9 shi ne 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Amfanin wannan shi ne, a Ikko akwai gwanayen da za su ɗauki motar 2008 su canza mata fitilu da bamba da fuska ta koma kamar ta 2013, a sayar maka da kuɗin 2013. Harafi na goma shi zai gaya maka gaskiya. Da wannan lamba kuma yaro mai waya zai iya ciro maka tarihin motar daga kamfanoni irin su Carfax, a ga ko ta yi haɗari da kuma yawan tafiyar da ta yi kafin a ɗora ta a jirgi. A lura motar Amurka da mil take ƙirga, mil 1 kuwa kilomita 1.6 ne. Kuma ana mayar da agogon baya, don haka a dubi yadda sitiyari da fedar birki da kujerar direba suka cinye.

In motar na da aibi kuma an gaya maka, ka yarda ka saya a kan farashinta, babu laifi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ɓoye aibi shi ne haramun, shi ne kuma ke ba mai saye damar mayarwa.

Abu na uku, takardu. Mota ba takarda ƙarfe ce kawai. In tokumbo ce da ba a yi wa rajista ba, uwar takardu ita ce ta Kwastan, wadda ke nuna an biya kuɗin fito, da rasit ɗin banki da takardar fita daga tashar jirgin ruwa kamar Apapa ko Tin Can. Ana buga na jabu masu kyau ƙwarai, ido ba ya rarrabewa, don haka a kai ofishin Kwastan a tantance lambar da ke jiki, muna da ofishinsu a nan Badun. A tuna a ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma an rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Motoci da yawa daga Kwatano ta daji suka shigo a waɗannan shekaru, har ta kai a 2024 Kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su je su biya. Wanda ya sayi irinta, ranar da 'yan sintirin Kwastan suka tare shi a hanyar Ilori ko Kaduna, motar za su riƙe, ba su san wanda ya sayar masa ba.

In kuma motar an riga an yi mata rajista a Nijeriya, a nemi lasin mota, da shaidar mallaka, da takardar ba da lamba, da takardar lafiyar mota ta VIO, da inshora, tare da takardar Kwastan ta asali. A tantance lambar a rajistar Hukumar Kiyaye Haɗurra, a ga ko sunan mota da launinta sun yi daidai. A duba inshorar a rajistar kamfanonin inshora, domin ta bakin titi yawanci takarda ce kawai. A Janairun 2023 aka ɗaga kuɗin ƙaramar inshora ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, wanda ya ce zai yi maka a kan dubu biyu ka san abin da ya ba ka.

Sai babban abu: sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa? In ba shi ba ne, ina takardar cinikin da ta haɗa shi da mai sunan? In motar gado ce, magada duk sun yarda? In ta kamfani ce, ina wasiƙar kamfanin? In an ɗauke ta bashi ne ana biya a hankali, an gama biya? Daga nan ku ɗunguma tare zuwa wurin 'yan sanda a duba rajistarsu ta motoci, ko an taɓa kai rahoton sace ta. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Wanda ya fara kame-kame da ya ji an ambaci caji ofis, ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kada a ɗauki wannan da wasa, jama'a. A dokar laifuffuka ta Kudu, sashe na 427, wanda ya karɓi kayan sata yana sane zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14. Ko ba ka sani ba, motar za a ƙwace, kuɗinka sun tafi, kuma kafin ka wanke kanka ka sha zirga-zirga. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Har motocin da aka sato daga ƙasashen waje ana bin sawunsu, a Satumbar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a ƙasar nan.

Abu na huɗu, kuɗi. Ƙa'idata ita ce kuɗi da makulli da takardu su yi musaya a zama ɗaya, da rana, ranar aiki, a cikin banki ko a harabarsa. Kada ka ɗauki buhun kuɗi ka shiga garin da ba ka sani ba. Ban da haɗarin 'yan fashi, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Ka tura ta banki, ka rubuta a wurin bayani cewa kuɗin mota kaza ne, ka ajiye rasit. Sunan asusun ya zama shi ne sunan da ke katin mutumin. In ya ce ka tura asusun matarsa ko na mai POS, a'a. In dole sai an biya wani, to ya rubuta da hannunsa a cikin yarjejeniya a gaban shaidu.

In ba za ka samu zuwa ba, ga inda mai gida ke dawowa. Ka tura kuɗin wurin amintaccen da ku biyu kuka yarda da shi, dattijon zango ko lauya, ya riƙe amana. Wakilinka ya karɓi mota da takardu, sa'an nan a saki kuɗi. La'adar dillali da ladan mai riƙon amana a yanke su tun farko a faɗa a fili, wa zai biya, nawa ne. Ɗan abin da za ka kashe a nan bai kai abin da za ka rasa ba. Maganar kafin alƙalami kuwa, kada a ba da shi kafin a ga mota. In an gani an bayar, a rubuta cewa yana cikin kuɗin mota, in ciniki ya warware za a mayar. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami don an fasa ciniki ba.

Abu na biyar, rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu sai mu ce ai kunya ce ka ce wa Alhaji ya sa hannu. Kunyar nan ta rusa gidaje. A rubuta sunayen mutum biyun da adireshinsu da lambar katinsu, da irin mota da launi da lambar shasi da ta inji, da kuɗi da yadda aka biya, da aibin da aka bayyana, da kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli. Shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, a ɗauki hoto tare a jikin motar. A rubuta kuma, in mota ta lalace ko ta yi haɗari a hanya kafin ta isa, asarar wa ce? Bayan haka a yi rantsuwar kotu a je ofishin lasin a canza sunan mallaka ba tare da jinkiri ba.

Yanzu maganar musaya, ban gishiri in ba ka manda. Wani yana da bas a Badun yana son a-kori-kura, wani a Kaduna yana da a-kori-kura yana son bas. Halal ne, da ciko ko ba ciko. Sai dai ka sani a nan kai mai saye ne kuma mai sayarwa, don haka duk binciken da na lissafa za a yi shi sau biyu. A yi wa kowace mota kuɗi daban, a rubuta, sa'an nan a fid da ciko. Kada ka tura taka a kan alkawarin tasa tana hanya. Ku haɗu a garin da ke tsakiya inda kowa ke da masauki, kamar Ilori ko Lakwaja ko Abuja, kowa da makanikensa da shaidunsa, a miƙa hannu da hannu. Kowa ya riƙe takardunsa na asali har sai an gama dubawa. Wanda aka musanya wa motar sata ya yi asara biyu, ta hannunsa an ƙwace, tasa kuma ta yi nisa.

In kai ne mai sayarwa, kai ma akwai naka tarkon. Babba shi ne alat na ƙarya. Saƙo zai shigo wayarka da sunan bankinka, kuɗi kaza sun shiga, alhali ba ko sisi. Kada ka dogara da saƙo ko hoton rasit. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, ko ka shiga banki a buga maka. Masu wannan aiki sun fi son yammacin Juma'a da ranakun hutu, suna ta azalzala wai za su kama hanya. Cek kuma ba kuɗi ba ne sai ya fashe. Wajen gwaji, kada ka miƙa makulli ka tsaya a waje, kada kuma ka shiga kai kaɗai da mutum biyu ko uku. Kai ka zaɓi hanyar da za a bi. Kada ka kai mota gidan da ba ka sani ba ko otal ko bayan gari don wai Oga ba ya fita. An sha kiran mutane da sunan ciniki a yi garkuwa da su. Ka gaya wa iyalinka inda za ka da wanda za ka gani, kada ka ci ko ka sha abin da baƙo ya miƙo maka. Bayan ciniki ka riƙe kwafin komai, ka matsa a canza suna, domin in aka yi fashi da motar ko ta kaɗe mutum, sunan da ke rajista za a nema.

Saura hanya. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, ko ka bi ta Ogbomosho da Ilori da Jebba da Mokwa, ko ka bi ta Akure da Okene da Lakwaja zuwa Abuja. Kafin a tashi a tambayi direbobinmu na tasha halin da hanya ke ciki a wannan makon, su ne ke da labarin da ya fi na rediyo. Hanyar Birnin Gwari ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, kowa ya sani. A yi tafiyar rana, magariba ta yi a kwana a gari, sauri kan haifi nawa. Direban da za a ba mota ya zama sananne a ƙungiyar direbobi, mai wanda ya tsaya masa. A ɗauki hoton lasinsa, da hoton agogon tafiya, da tayoyi da safaya da batir da jak. A duba har abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, domin ana cire shi a hanya a sayar. A gindaya masa sharaɗi, ba fasinja, ba saƙon kowa. Ƙullin da ba ka san abin da ke ciki ba, in 'yan NDLEA suka buɗe suka ga ƙwaya, da direba da mota duk sun tafi. Ya fi kyau kai ko wakilinka ya zauna a gaba riƙe da takardun asali, a bar kwafi a gida, domin direba da mota da takardun asali a hannu ɗaya jarraba ce. Mota mai tsada kuma gara a ɗora ta a tirelar dakon motoci, a karɓi takardar kaya, a sa mata na'urar bin sawu.

In duk da haka ƙaddara ta faɗa, kada kunya ta sa ka yi shiru. A cikin sa'ar nan ka kira bankinka ka nemi a tsayar da kuɗin, ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC, ka adana saƙonni da lambobin waya da rasit, ka sanar da shugabannin ƙungiya. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Abin da nake roƙo shi ne kada a tara samari a ce za a je a ƙwato da ƙarfi. Mu baƙi ne masu zaman amana da masu gari, kuma mun ga yadda rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 ya faro daga 'yar taƙaddama tsakanin mutane ƙalilan, ya ci rayuka da dukiya. Cinikin mutum biyu kada ya zama faɗan ƙabila biyu.

A ƙarshe ina da shawara uku ga shugabanni. A kafa ɗan kwamiti na dattawa da makanike da matashi mai ilimin kwamfuta, wanda duk mai son sayen mota daga nesa zai tuntuɓa. A buga takardar yarjejeniya guda ɗaya da Hausa da Turanci a ajiye a ofis, kowa ya zo ya ɗauka. A kuma buɗe littafi na sunayen amintattun wakilai a sauran zangogi, mu san nasu su san namu. Ku kuma 'yan uwa, in ɗan uwa ya aiko ku duba masa mota, ko ku yi aikin sosai kamar kuɗinku ne, ko ku ce ba za ku iya ba tun da wuri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haram da sharrin macuta, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.